Zargin da Na Yi wa Malam Uwaisu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Alhamis, 12 ga Satumba, 2024, Allah Ya karɓi ran Malam Uwaisu Miga a gidansa da ke Dutse, bayan jinyar mako biyu. An kai shi makwanci a Miga bayan la'asar. Shekara tara muka yi ofis ɗaya a sashen noma kafin ya yi ritaya, teburina yana kallon nasa.

Malam, wasu za su faɗi irin gero da ka riƙa raba wa manoman garinku idan shuka ta ƙone, da marasa lafiyar da ka ɗauko a motarka zuwa asibiti. Ni abin da ke ci na daban ne. Na taɓa zarginka da cin amana.

Tun ba mu san ana sayen hannun jari ta waya ba, kai kana saye kana sayarwa kusan kullum. Amma wata huɗu ka yi kafin ka zaɓi kamfanin dillancin da za ka riƙa ciniki ta manhajarsa. Ka duba sunansa a jerin waɗanda hukuma ta ba lasisi. Ka tura Mista Monday, abokin aikinmu da ya je kwas Legas, ya gano maka ofishin da idonsa. Ka tambayi abin da suke yanka a kowane ciniki, da sunan wanda ake rubuta hannun jarin, naka ko nasu. Muna yi maka dariya, muna cewa ko surukai ba a yi musu wannan bincike. Sai ka ce, "Ƙofar shiga kowa zai buɗe maka da fara'a. Ta fita nake so in gani."

A shekarar da muka sayar da gonar gadonmu ta Kafin Hausa, kuɗin suna hannuna, har da rabon ƙanwata Hassana. Abokina Marwa ya zo da wata sabuwar manhaja. Ba sa yankar komai, in ji shi, kuma riba tabbas ce kowace Juma'a. Muka kawo maka, ni da shi, don ka sa albarka. Ka karɓi wayar ka daɗe kana dubawa, sannan ka tambayi Marwa inda ofishinsu yake. Ya ce a guruf, wato zauren hira na waya, ake magana da su. Ka ce wanda bai yanki komai ba, da me yake biyan ma'aikata? Lambar lasisin da suka liƙa kuwa, da ka bincika, ta wani kamfani ce daban.

A hanya Marwa ya raɗa mini cewa kamasho kake karɓa idan ka kai wa dillalinka mutum, shi ya sa kake kushe na kowa. Na yarda, Malam. Na koma lura da kai. In an kira ka ka fita waje, sai in ce su ne. Ka sauya tayoyin mota, na ce ga shaida. Rannan na tare ka a bakin masallacin ofis, na tambaye ka nawa suke ba ka a kaina.

Ka dube ni ka ce, "Abdurrahim, kada ka je wurin nawa. Ni ma kada ka yarda da ni. Sa musu kaɗan, ka nemi cirewa, ka ga abin da zai faru. Amma kuɗin Hassana kada ka taɓa su."

Don in ƙaryata ka na gwada da kaɗan daga nawa rabon. Da na nemi cirewa aka ce sai na fara biyan haraji. Na biya, aka ƙirƙiro wani. Bayan wata biyu manhajar ta daina buɗewa, aka rufe guruf. Marwa ya rantse shi ma an cinye shi, har yau ban san gaskiyarsa ba. Rabon Hassana ya tsira, da shi ta buɗe shagon ɗinki. Kai kuwa ba ka taɓa tayar da zancen ba, ni ma na yi ta ɗaga ranar neman gafararka har ƙasa ta rufe maka ido.

Ranar sadakar uku wani ya kira wayarka. Hajiya Ikilima, mai ɗakinka, ta ɗauka. Ya yi ta'aziyya da ladabi, ya ce daga kamfanin dillancinka yake, ta karanto masa lambar da za ta shigo yanzu don a sakar wa magada dukiya. Ta tambaye shi sunan titin ofishinsu. Ya kashe waya. Wa ya gaya masa ka rasu? Mu da muka san kana wannan ciniki ba mu da yawa, kuma kusan dukkanmu muna kan tabarmar zaman makoki a ranar. Ina roƙon iyali kada su ba kowa wayar nan, ko da ni ne.

Malam, ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba Hajiya Ikilima da 'ya'ya da mutanen Miga haƙurin rashinka, Ya tsare abin da ka bar wa marayu daga hannun azzalumai. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.