Furar da ke Bayan Randa

A shekarun yaƙin basasa, da an idar da sallar isha'i gidanmu na Gwale sai ya rabu biyu. Maza na zaure sun kewaye rediyo, mu yara muna tsakar gida a gindin murhun kakata Iya, muna jiran ƙanzo da tatsuniya. Har yau ina kewar ƙamshin hayaƙin nan.

Babana yana bakin daga, kuma shi ne ɗan farin Iya. Saboda kunyar ɗan fari ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar labarinsa. Ko an ambace shi sai ta shiga gyara itace. Ni kuwa haushinta nake ji, wallahi na ɗauka ya mutu ko ya rayu duk ɗaya ne a wurinta.

Tatsuniya ɗaya ta riƙe mana a lokacin. Wai rijiyoyin wani gari ne suka ƙafe, wani saurayi ya tafi bayan dutse nemo musu ruwa. Budurwarsa kullum sai ta dama fura, ta rufe da faifai, ta ajiye a inuwa. Ba ta kuka, ba ta tambayar matafiya.

"Iya, yaya sunansa?"

"Ke dai kin cika surutu, uwar magana. Sunansa wancan."

"To ya dawo?"

"Wuta ta mutu, ku tashi."

Haka muke yi kullum. Ranar da Baba ya shigo da sanda yana jan ƙafa, gida ya kaure da kuka da guɗa. Iya ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce da ni, "Ɗauko ƙwaryar da ke bayan randa ki ba baƙon nan." Fura ce, damun safiyar ranar. Ashe wadda take ba mu kullum da la'asar, tana cewa ta yi mata yawa, tasa ce.

Yanzu littattafan soyayya nake rubutawa. 'Yan mata masu karatu suna yi mini ƙorafi, wai taurarina ba sa cewa "ina sonka", sai dai su yi ta ajiye abinci. Maigidana ma lokacin da yake zuwa zance ya yi wannan ƙorafin, har ya kusa fasawa. Na gwada gyarawa na kasa. A gindin murhun nan na koyi so, kuma ban taɓa jin an faɗe shi da baki a can ba.

Ranar da Baba ya dawo, da muka taru bayan isha'i, na ce, "Iya, wancan fa?"

Ta tura itace cikin wuta, ta ce, "Ya dawo. Ya sha furarsa."