Dakashin Malama

Shekarun baya yayana ya kifar mini da dakashi a ƙofar zaure, kuma har yau ban ce ya kyauta ba.

Lokacin mijina ya rasu, na dawo gidanmu a Garo, na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata. Mai koya mana Kirista ce 'yar Filato, kowa Malama yake ce mata. Ita ta riƙe hannun nan nawa da bai san komai ba sai tatsa, har ya rubuta sunana. Rubutun kamar sawun kaji a taɓo, amma sai ta ce, "Inna, kin yi ƙoƙari!"

A gidanmu in saniya ta haihu, akan dafa nonon farko ya daskare, a raba wa maƙwabta. Shi ne dakashi. Mahaifiyata ba ta taɓa tsallake ƙofar kowa ba. Da saniyar da ta bar mini ta haihu, sai na zuba na Malama a ƙwarya. Yammacin damina ne, hayaƙin garke ya kwanta a kan dawa, ina tafe kamar mahaifiyata na gabana.

Yaya ya tare zaure. Tun da ya fara zuwa wani karatu a Gwarzo komai ya koma haramun, har dariyar mata.

"Ina zuwa?"

"Gidan Malama."

"Babu ci tsakaninmu da su. Karatun ma kin gama daga yau."

"A wane littafi, Yaya? Nuna mini, ai yanzu ina haɗa baƙi."

"Malaminmu ya faɗa. Ba a tambaya."

Ya fizge ƙwaryar ya kife. Kaji suka sha biki.

Ban yi kuka ba. Garke na koma na zauna, idona a kan wani bijimi a turke. Ya cinye ciyawar da igiyarsa ta kai, ya tsaya a tsakiyar ƙasa fayau yana huci, ga kore shar har bakin rafi. Yaya ke nan. Bai fi mahaifiyarmu tsoron Allah ba, ita da ko a gadon ciwo ba ta bar salla ba. Igiyarsa ce gajera, kuma so yake ya ɗaura mini ita. Yanzu tsufa ya sassauta masa, har tausayinsa nake ji, amma ƙamshin dakashin nan bai bar hancina ba.

Washegarin kifar da ƙwaryar na sake tatsa, na dafa, na ɗora ƙwarya a ka, littafina a hammata. Na same shi a zaure kan buzu.

"Ina kwana, Yaya? Janye ƙafarka, zan wuce."