Guɗar da Ni Kaɗai Nake Ji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaru na yi ban buɗe baki kan wannan magana ba, ko 'ya'yana ba su san ta ba. Yau zan faɗa, ko Allah zai sa ta amfani wani.

Lokacin ina direban bas tsakanin Kaura Namoda da Zurmi, shekarun da aka fara Shari'a, maza gaba mata baya a mota. Zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ni, aka yi mini ƙarin ruwa da allurai, na tashi na koma aiki.

Wata rana da rana tsaka, muna wuce wani fako, ba gida ba gona, sai na ji mace tana guɗa can nesa. Siririyar murya, ba ta yankewa.

Na ce wa fasinjoji, "Biki ake yi nan kusa?"

Dattijon da ke gefena ya dube ni. "Wane biki, direba? Ba mu ji komi ba."

Guɗar ta biyo ni tasha, ta biyo ni gida. Ina sallah tana nan. Ina cin tuwo tana nan. In waiga, babu kowa.

Matata Hadiza ta ce iska ce. Aka yi ruƙiya, na sha rubutu, aka turara ɗaki. Ba ta tafi ba. Zuciyata ta riƙa bugu kamar za ta fasa ƙirji.

Ranar kasuwar Shinkafi na ji ta daidai bayan wuyana. Na taka birki a tsakiyar titi, mota cike da mutane. Da ƙyar wata babbar mota ta kauce mana. Mai bas ya karɓe makullinsa ran nan.

Hadiza ta sayar da tumakinta muka tafi asibiti a Gusau. Awon jini, awon zuciya, gwajin kunne. Likita ya ce, "Malam Lawali, jijiyar kunnenka ce ta taɓu bayan zazzaɓin nan. Mai yiwuwa ƙarar ba za ta tafi ba. Amma jininka ya hau sosai, tsoro ke cinye ka." Ya rubuta mini maganin hawan jini.

A bakin ƙofar asibiti na zauna na yi kuka. Mai guɗa tana ta yi.

Na tafi jinya Sakajiki wurin Goggo Ai, ƙanwar mahaifina, wadda ta daɗe da makancewa. Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Zamna nan. Ni duhu nike gani kullum, na bar faɗa da shi. Ja numfashi, ka ce La'ilaha a zuci. Sake shi, ka ce illallah. In mai guɗar ta zo, kak ka kore ta, kak ka bi ta. Koma ga numfashinka."

Da na rufe ido, wallahi kamar matar ta matso ta zauna gefen tabarmar. Na yunƙura zan gudu, Goggo ta kama rigata.

"Ta cije ka?"

"A'a, Goggo."

"To zamna."

Kullum haka, har damina ta shiga. Wani yammaci ina zaune sai na ji kukan kurciya da sautin daka daga maƙwabta. Guɗar na nan, amma ƙirjina shiru. Da na koma awo, jini ya sauka. Daga baya na samu wata motar.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hadiza da ba ta gaji da ni ba. Goggo kuwa, Allah ya haskaka kabarinta.

Ɗan'uwa, in kana jin abin da wasu ba sa ji, kada ka ɓoye. Je asibiti a duba kunne da jini, ka sha magani yadda aka ce. Sannan ka samu ɗan lokaci kullum ka zauna, kai da numfashinka da ambaton Allah. In hankali ya gudu, ka dawo da shi a hankali, ba da faɗa ba.

Yanzu haka da nake wannan rubutu mai guɗa tana yi. Ni kuma ina rubutuna.