Yadda Inna ta raba ni da aljanar Japan

Shekaru da dama baya, lokacin ina sabon mushe, wato malamin makaranta, a wata lakwal cikin Tawa, na kamu da son wani littafi. Gindin wani itacen bedi kusa da tasha na saye shi, wajen mai tsofaffin littattafan Faransanci. Labari ne na Japan ta dā, kan matan da ake kira geisha, waɗanda ake horarwa tun suna ƙanana su iya rawa da kiɗa da zuba shayi da hira da manyan baƙi. A bangonsa akwai hoton mace, fuska fari fat kamar an shafa alli, leɓe ja, gefenta kuma rubutunsu na gangarowa daga sama zuwa ƙasa.

Da aka ba da hutun damina na tafi da shi ƙauyenmu Barmu, wajen mahaifiyata. A ƙa'ida na je taya noma ne. A zahiri kuwa, ƙannena na gona, ni ina ƙarƙashin rumfa ina Japan. Fura ta yi tsami a gabana ban sani ba. A yi mini magana sau uku kafin in ɗago. Yarinyar cikin labarin ta kai inda za ta zaɓa: ko ta gaji gidan da ya raine ta, ko ta bar komai ta auri wani marini da ke sonta. Wannan zaɓi ya hana ni sukuni fiye da yadda nawa auren ya taɓa yi, don lokacin duk wadda aka nuna mini sai in ce a dakata.

Kuskurena shi ne na riƙa ba da labarinta a bakin tuwo kamar maƙwabciyarmu ce. Wata rana Inna ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni a hankali, ɗiyar wane gida ce, a je a gaida iyayenta. Na yi dariya irin ta masu ilimi.

"Inna, ai ba ta da gida. Ba a taɓa haihuwarta ba ma. Ni ɗai nake ganinta in na buɗe littafi."

Ta ce, "To." Ni kuma na ji daɗin na yi bayani mai gamsarwa.

Saura shafi talatin in gama aka kira mu taro a Tawa. Da gangan na bar littafin ƙarƙashin matashi, don ba na son in karanta ƙarshensa cikin mota ana matse ni da buhunan albasa. Na ce sai na dawo, na yi wanka, na zauna.

Washegari da la'asar na shigo gida, ƙamshin turare ya tare ni tun daga zaure. Inna da kawuna, ƙanenta, suna zaune kan tabarma kamar masu jiran gaisuwa. Na shige ɗaki, na ɗaga matashi. Babu komai sai wata ƙaramar laya.

Kawu ne ya yi bayani, cikin natsuwar wanda ya gama babban aiki. Ya ce sun kai takardar, wato littafin nawa, wajen malam. Malam ya dubi fuskar, ya ce wannan farin ba na bil Adama ba ne. Ya dubi rubutun gefe, ya ce ba Larabci ba ne, ba boko ba ne. Da aka faɗa masa na rame, na ƙi aure, kuma da bakina na ce ni kaɗai ke ganinta, sai ya ce magana ta ƙare. An yi sadakar zakara, an ƙona takardar bayan gari, an binne tokar.

Na zauna a ƙasa. Ni da ke yi wa ɗalibai jawabin awa biyu ba shan ruwa, kalma guda kawai na samo. Da ƙyar na ce, "Duka?"

"Har bangon," in ji kawu. "Shi ya fi wuyar cin wuta."

Na fara cewa labari ne kawai, ƙirƙira ce, wani ne ya zauna ya rubuta. Inna ta katse ni.

"In ba kowa ba ta, mi ya sa idonka ya kawo ruwa?"

Ta miƙo mini ƙwaryar rubutu, tana tofa mini addu'a. Sai a lokacin na gane mako uku ta yi cikin tsoro, tana kallon ɗanta na fari yana murmushi shi kaɗai da takarda. Na karɓa na shanye.

In na tuna yanzu, gigicewar ce ke fara zuwa, dariya na biye. Na karanta ɗaruruwan shafuka ina tausayin wadda ba ta taɓa numfashi ba, ban ga damuwar wadda ke dama mini fura ba. Kuma in an bi hujjojin malam ɗaya bayan ɗaya, ban ga inda ya yi mini ƙarya ba.

Bara wani abokina ya turo mini littafin dukansa ta waya. Na gode masa, amma ban buɗe ba. A cikin waɗannan shekaru na riga na ɗaura wa yarinyar aure da marininta, har sun tara iyali. Ba zan bari wani marubuci ya zo yanzu ya raba su ba.