Ranar da Tajuddeen Ya Riga Kamarul Taɓa Bango

A Setapak, wata unguwa a Kuala Lumpur, na san Malam Tajuddeen. Bene ɗaya muke, shi da iyalinsa a hawa na sha ɗaya, ni a na tara. Malamin kwalejin ilimi ne daga Wudil, asusun tallafin karatu ya turo shi Kuala Lumpur yin digiri na uku a fannin kimiyyar ƙasar noma. Lokacin yana da shekara arba'in da shida, ga tumbi ya fara fitowa, ga hawan jini. Likitan makaranta ya ce masa ya nemi abin motsa jiki, shi kuma gudu ba ya yi masa saboda gwiwa.

Abin da ya iya tun yana ƙarami shi ne iyo. A kogin garinsu ya koya, irin iyon da ake ɗaga kai sama ana dukan ruwa da ƙarfin tsiya. Da haka ya faɗa tafkin ninkaya na unguwa wata safiya bayan asuba, sanye da wando har gwiwa. Wasu dattawa da ke atisaye a gefe suka tsaya suna kallonsa. Da ya kai bango yana haki, wani Bamalaye siriri ya cire tabaran ruwansa ya ce da Turanci, "Ɗan'uwa, ruwan nan bai yi maka laifi ba fa. Daina dukansa."

Wannan shi ne Kamarul, direban jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ya girmi Tajuddeen da shekara biyu. Shi ya koya masa sa fuska cikin ruwa, da shan iska ta gefe, da juyawa a bango. Ya shigar da shi ƙungiyarsu ta manya masu ninkaya, inda akwai Baba Teoh, Basine mai shekara saba'in da ɗaya da ke sayar da kayan gyaran famfo, da Selvam, wani Ba'indiye ma'aikacin gidan waya da ya yi ritaya. Bayan atisaye sukan zauna a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, su sha shayi da gurasar roti, Baba Teoh yana ta faɗa kan wanda ya yi lalaci a ruwa.

Shekara biyu suna haka. Tumbin ya tafi, hawan jinin ya sauka. Matarsa Hureira ta ce min ita abin da ya dame ta warin sinadarin tafkin ne, da ya kama tawul ɗin gidan gaba ɗaya.

A mita ɗari, Tajuddeen ya kai ga yana wuce kowa a ƙungiyar, ban da Kamarul. Kullum da tsawon hannu ɗaya Kamarul yake riga shi. Sai ya jira shi a bango yana murmushi ya ce, "Abang Taju, gobe boleh." Wato ɗan'uwa Taju, gobe za ka iya. Tajuddeen ya sha ce min, "Malam Auwal, wallahi mutumin nan ina ƙaunarsa, amma sai na kayar da shi ko sau ɗaya kafin in koma gida."

A shekararsa ta ƙarshe ƙungiyar ta sa sunansa a gasar manya ta ƙasa da aka yi a cibiyar wasanni ta Bukit Jalil. Ana raba mutane ne bisa shekaru, don haka shi da Kamarul suka faɗa rukuni ɗaya. Akwai kuma tseren mutum huɗu, inda kowa zai yi nasa zangon ya miƙa wa na gaba, aka rubuta shi da Kamarul da Baba Teoh da Selvam. Na raka shi ranar Asabar, ni da Hureira da 'yarsu Walida.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Mutane sun zo daga Penang, daga Johor, har daga Sabah. Wata tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu ta yi mita hamsin, sauran sun gama tuni, amma duk ɗakin ya miƙe ana tafa mata har ta isa. Waɗanda suka gama fafatawa sai ka gan su sun rungume juna ta saman igiyar da ta raba layukansu.

Da hantsi aka kira nasu tseren na mita ɗari. Tajuddeen a layi na huɗu, Kamarul a na biyar. Na ga Kamarul yana murza ƙeyarsa kafin su hau, na ɗauka ɗumama jiki yake. Aka busa, suka faɗa.

Zangon farko kafaɗa da kafaɗa suka tafi. Suka juya a bango tare. A dawowa Tajuddeen yana shan iska ta ɓangaren da ba na Kamarul ba, don haka bai ga abin da muka gani ba. Kusan tsakiyar tafkin, hannun daman Kamarul ya ɗago sai ya faɗi kamar tsumma. Ya karkace, ya bugi igiya, ya ƙara yunƙuri ɗaya, sannan fuskarsa ta nutse. Hureira ta riƙe hannun Walida tana salati. Ni na miƙe ina ihu, ban ma san me nake cewa ba, kuma tsakanina da ruwan akwai shinge da hawa goma sha wani abu na kujeru.

Tajuddeen ya taɓa bango, ya ɗago ya dubi allo. Sunansa ne a sama. Na ga ya daki ruwa da hannu don murna, ya juya layi na biyar yana dariya. Babu kowa a wurin. Can baya ma'aikatan ceto biyu suna jan Kamarul zuwa gefe.

Tajuddeen ya fito da gudu, santsi ya kusa kayar da shi. Ma'aikatan lafiya suka tare shi. Yana ta cewa, "Abokina ne, abokina ne," su kuma suna cewa ya ba su wuri. Haka ya tsaya ruwa na zuba daga jikinsa, hannuwansa a sake, har aka ɗora Kamarul a gadon ɗaukar marasa lafiya aka fita da shi.

Shanyewar ɓarin jiki ce. A asibiti muka tarar da matar Kamarul, Puan Rohana, zaune a kan benci. Tajuddeen ya durƙusa gabanta. Malayancinsa bai wuce na sayen abinci ba, ita kuma Turancinta ya gudu saboda tashin hankali. Suka yi ta duban juna. Daga ƙarshe ya ɗaga hannu ya yi addu'a da Larabci, ta ce amin. Abin da suka iya yi wa juna ke nan.

A mota ya ce min, "Malam Auwal, ina gefensa. Tsakanina da shi bai kai taku biyu ba. Da ta wancan ɓangaren nake shan iska da na gan shi."

Na ce, "Malam, ko ka gan shi ciwon ya riga ya same shi. Likita ma ya faɗa."

"Na ji. Amma dariya nake yi fa."



Washegari ne tseren mutum huɗu. Baba Teoh ya dage sai sun je. Wata ƙungiya daga Ipoh, waɗanda da su za a kara, suka ce za su ara musu mutum. Alƙalan suka yarda su yi, amma ba za a ƙirga sakamakonsu ba. Tajuddeen ne zai yi zangon ƙarshe. Ya hau dakalin da ake faɗawa ruwa daga kansa. Selvam ya taɓa bango, shi bai faɗa ba. Baba Teoh ya yi masa tsawa, sannan ya faɗa, ya yi iyon yana ɗago kai yana waige hagu da dama. Su ne na ƙarshe. 'Yan Ipoh suka jawo shi daga ruwa suna bubbuga bayansa. Lambar zinarensa ta jiya Selvam ne ya karɓo masa, Hureira ta jefa ta a jakarta.

Kamarul ya rayu. Bayan sati shida aka sallame shi zuwa gidansu a unguwar Cheras, a keken guragu, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana kuma ta koma sauti ɗaya da yake maimaitawa. Aikin tuƙin jirgi ya ƙare. Tajuddeen yakan hau jirgi sau biyu a sati ya je. Ya koyi yadda ake ɗaga shi daga gado, da yadda ake miƙar masa da yatsu. Wata rana na bi shi. Kamarul ya kama rigarsa da hannun hagu, yana ta ƙoƙarin faɗin wani abu, jijiyar wuyansa ta tashi. Tajuddeen ya yi ta cinka: ruwa? banɗaki? a kira Puan? Kowanne sai ya girgiza kai. Har ya gaji, hawaye ya zubo masa, ya saki rigar. Ba wanda ya gane abin da yake so a cikinmu.

Wata huɗu bayan haka Tajuddeen ya kare kundin digirinsa. Takardar zamansa ta ƙare, kwalejinsu kuma tana kiransa. Ya nemi a ƙara masa ko wata uku, ba a samu ba. Baba Teoh da Selvam suka raba ranakun zuwa Cheras a tsakaninsu.

Yanzu yana Wudil yana koyarwa. Duk Juma'a Puan Rohana takan kira shi ta bidiyo ta jingina wayar a gaban mijinta. Hureira ta ce Tajuddeen yakan ba shi labarin ɗalibansa da na damina, wani lokaci ya manta ya zarce da Hausa. Kamarul yana kallo, wani lokaci ya gyaɗa kai, har barci ya ɗauke shi a kujera. Sai matar ta zo ta yi godiya ta kashe wayar.