Cibiyar Kwanon Sitti

An ce ni mai zafin kai ce, kuma ban taɓa musawa ba. Amma akwai ranar da zafin kan nan ya yi mini rana, kuma tushen abin yana kan rufin gidanmu na unguwar Mahjar, inda kakata take tara mu tsakanin magariba da isha'i. Sitti muke ce mata, kamar sauran yaran Jidda. Za ta hura gawayi a mangal, ta ɗora butar shayi, ta jefa ɗan turaren wuta, mu jikoki mu kewaye ta muna ture-ture. Ba ta fara labari sai ta ce, "Ga ta nan bakin ƙofa, a buɗe mata ko ta koma?" Mu kuwa mu haɗa baki, "Yalla, ta shigo!"

Tatsuniyar da muka fi so sai an sha roƙo, don ita da kayanta take zuwa. Sitti za ta sauka da kanta ta ɗauko wani ƙunshi cikin tsohon zane. A ciki akwai kwanon gilashi mai baki a lanƙwashe, ruwan zinari, in ta juya shi gaban wuta sai ya koma shuɗi da kore kamar wuyan tantabara. Shekaru ta yi tana aiki a gidan wasu Amurkawa a arewacin gari. Matar gidan tana tara irin waɗannan kwanoni na ƙasarsu, kuma Sitti kaɗai ta yarda ta wanke su: ruwa mai ɗumi-ɗumi, tawul a gindin baho, ba toka, ba soson ƙarfe. Da za su koma ƙasarsu, matar ta ba ta guda.

Wai a can ƙasar akwai wani tsoho mai hura gilashi. Yana narka yashi, ya ɗebo da bututun ƙarfe, ya hura da numfashinsa, ya liƙa gindin kwanon a sanda ya gyara bakin, sannan ya ɓalle sandar. Wurin ɓallewar nan sai ya bar tabo. Wata rana aka kai wani kwanonsa kanti, aka ajiye shi cikin kwanonin inji masu gindi sumul, duk kamanninsu ɗaya. Suka tasa shi gaba da dariya: kai mai tabo, wa ya fasa ka? Kwano ya yi ta kuka, yana roƙon mai kanti ya goge masa tabon. Ana gobe za a goge, sai ga tsohon ya shigo yana dogara sanda, idonsa ya tafi, yana neman abin da ya yi da hannunsa. Ya dinga kifa kwanoni yana shafa gindinsu da babban yatsa. Da ya zo kan mai tabo, sai ya rungume shi ya tafi da shi gida.

A nan Sitti take kifa nata kwanon, ta kama yatsan kowannenmu ta ɗora. "Kun ji? Cibiya ke nan. Duk abin da aka haifa yana da ita. Masu sumul ɗin nan, ku tambaye su uwarsu ku ji in sun sani." Yayana Usman, sarkin gardama, sai ya ce, "Sitti, kwano yana kuka?" Ta ce, "Kai da wane kunne ka ji bai yi ba? Halas, ta fita, a rufe ƙofa. Ku tashi, ga kiran salla."

Sitti ta rasu, Allah ya jiƙanta. Muka koma unguwar Madain Fahd, kwano ya zauna wurin Yaya Usman don shi ne babba. Bara aka sa bikin 'yarsa Amira. A wurinmu kayan da ake jera wa amarya a dulab, wato kabad, ba a sa mai tabo, don dangin miji suna zuwa ganin jere, su ɗaga kowane kaya su kifa, kuma bakinsu ba ya shiru. Ana saura kwana uku matar Yaya ta kira ni da murnarta. "Zainab, albishirinki! Kwanon Sitti zai shiga jeren Amira. Yayanki ya tafi da shi warsharsu ta gilashi, zai goge fashin gindin nan da inji, ya kankare maiƙon da ya bi jikinsa."

Maiƙo! Innalillahi! Ko sallama ban yi mata ba. Na zari abaya na shiga mota na nufi Khumra inda warshar take, ina kiran wayarsa ba ya ɗauka. Na same shi cikin ƙarar injuna, dutsen guga yana juyawa, kwano yana hannunsa na hagu.

"Yaya! In kwanon nan ya taɓa dutsen nan, wallahi ni da kai sai a lahira!"

"Ke Zainab, hankalinki ɗaya? Cikin maza? So kike surukai su ce mun kai musu fasasshe?"

"Cibiya ce!"

"Tatsuniyar yara kika biyo ni da ita har Khumra? Shekara nawa ina yanka gilashi?"

"Na tagogi! Kashe injin nan ka biyo ni."

Ya biyo ni don ya rabu da fitinata. Na kai shi Balad, tsohon gari, wurin wata dattijuwa Bahijaziya mai kantin tsofaffin kaya. Ta karɓi kwanon ta kifa, ta ɗora babban yatsa a kan tabon. Ta ce aikin hurawa da baki ne na Amurka, ya ma girmi kakarmu, kuma masu tara irinsa gindin suke fara dubawa. Launin kuwa feshi ne da aka yi tun gilashin yana da zafi, bai kai ɓawon albasa kauri ba, inji na taɓa shi ya tafi har abada. Sai ta ce, "Wa ya riƙe shi shekaru haka ba ƙwarzane ko ɗaya? Kakar taku ce? A ina ta yi karatun?"

Na ce, "Ba ta taɓa shiga aji ba." Na fashe da kuka, kukan daɗi, ina dariya ina zungurar Yaya da gwiwar hannu.

Da muna yara na ɗauka Sitti kwano take koya mana. Sai da na girma na gane mu take nufi, jikokin alhazan da suka zo da ƙafa, waɗanda wani lokaci muke sassauta murya in za mu yi Hausa a kasuwa, muna so mu yi sumul kamar kowa. Ta san za a yi ranar da ɗayanmu zai ɗauko inji da kyakkyawar niyya.

Yaya bai ce mini ki yi haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Kwana biyu ya yi a warsha, ya fito da ɗan dulab mai kanta ta gilashi tas, daidai ƙugu, yadda ba a ganin gindin kwanon sai an duƙa an leƙa ta ƙasa. Ranar ganin jere ya aiko a gaya wa surukai su duƙa su kalli gadon amarya. Ina tsaye a gefe na ga uwar miji da ƙannenta, da zinarensu da turarensu, suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya suna mashallah. Sitti ta ƙare rayuwarta a duƙe tana goge daɓen gidajen mutane. Ranar nan, a gaban kwanonta, kowa sai da ya kai gwiwa ƙasa.