Na'urar da Ta Haɗiye Filashin Yayata

Ko na manta komai a duniya, ba zan manta kwana ukun da wata na'ura, wai mai ilimi, ta sa na fara yi wa Yayata addu'ar mamata ba.

Ita tana ƙauyen Kutemeshi, ni ina koyarwa a cikin gari. Tun da daji ya ɓaci muka yi shiri: kullum da hantsi za ta hau tudun bayan gidansu, inda nan kaɗai sabis ke kamawa, ta yi mini filashin. Ƙara ɗaya ta kashe, ma'ana sun kwana lafiya. Rabin garinmu da haka suke jin lafiyar 'yan'uwansu na ƙauye.

To, turken sabis ɗaya ya rage mana, kowa a kansa, kira na hawa kan kira. Sai kamfani ya turo wani injiniya. Na same shi a gindin turken, rungume da kwamfuta, yana ta hura hanci.

Ya ce, "Wannan na'ura da kanta take koyo. Za ta gane kiran gaske, ta share tarkacen da ke cushe layi."

Na ce, "Yallaɓai, wa zai koya mata yadda muke kira a nan?"

Ya kalle ni sheƙeƙe. "Malam, ba ɗalibarka ba ce."

Layi kam ya washe, amma filashin Yaya ya ɗauke ɗif. Na kira, ba ya shiga. Rana ta uku na hau babur na shiga hanyar da mai hankali ba ya bi shi kaɗai. Ganye ya motsa, in ƙara wuta.

Na tarar da ita tana shanya masara.

"Kai kuma lafiya? Hauka kake da za ka biyo dajin nan? Ai kullum sai na yi maka filashin!"

Wallahi zama na yi a ƙasa.

Da na koma wurin gwanin, ya latsa kwamfutarsa. Ashe na'urar ta ga ɗaruruwan kira masu katsewa daga bakin daji lokaci guda, ta ɗauke su hayaniya, ta zubar. Wai "ɗan ƙaramin kuskure ne." Ƙarami! Ko kunya babu.

Tun ranar na gane, duk abin da za a koya wa aiki a kan mutane, a fara tambayar mutanen. Abin da ya kira tarkace, shi ne numfashin Yayata.